Ruwan Da Ban Yi Wa Sallama Ba

Aikin bai taka kara ya karya ba: in je madatsar da ke bayan tsauni, in ɗebo ruwa a kwalba, in kai ɗakin gwaji. Kamfanin ruwan garinmu ne ke biya mini kuɗin digirin kimiyya, ni kuma ina koyon aiki a wurinsu. Sai dai samfurin da na kawo a baya ya gurɓace, kuma Mista Pengelly, shugaban ɗakin gwajin, mutumin da ko dariya sai ya auna ta, ya ce in aka sake, gurbina ya tafi, karatun ma haka.

Na isa a a-kori-kurar kamfani rana na shirin faɗuwa. Ƙamshin itatuwan turare ya cika wurin, baƙaƙen aku na ta ƙara a sama.

Mu a gidanmu ba a tunkarar ruwa haka kawai. Marigayiya kakata ta koya mini: ki ɗebi yashi, ki murza shi da gumin tafinki, ki watsa, ki faɗi sunanki, don mai ruwan ya san ƙamshinki. Amma yashi a inda zan ɗebi samfur? Ai da hannuna na kori kaina kenan. Na ce a raina, Kaka ki yi haƙuri, yau dai ɗaya. Na zura safar hannu ta roba, na taka gadar katako har ƙarshenta.

Na ɗaura kwalba a bakin sanda, na nutsa ta.

Kwaɗi suka yi tsit. Akun ma haka. Wani wari ya taso, irin na tabon da ya shekara bai ga rana ba.

Na ja sandar. Ta ƙi.

Na ce saiwa ce. Wallahi na san ƙarya nake, zurfin wurin nan ya fi tsayin gidan sama. Na sake ja. Sai aka ja daga ƙasa, a hankali, kamar yadda babba ke karɓe abu a hannun yaro.

Oba-obar da ke ƙuguna ta yi ƙara. Na ɗauka ofis ne, don doka ce su nemi duk wanda ya fita shi kaɗai. Amma muryar ba ta ofis ba ce. Raɗa ce, jiƙaƙƙiya, kamar mai magana da ruwa a baki.

"Wace ce?"

Ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakanin katako, ya shafe takalmina. Babu iska, babu igiyar ruwa, tashi kawai yake.

"Wace ce wannan mara ƙamshi?"

In na saki sandar, karatuna ya bi ruwa. In na riƙe, ni zan bi. Na kasa zaɓa, ina kuka kamar 'yar goye.

Ruwan ya kai idon sawuna. Sanyinsa har ƙashi.

Da haƙori na fizge safar hannun hagu. Na laluba lungun katako, na samu ɗan yashin da takalma suka bari. Gumi kam ba a magana. Na murza, na watsa.

"Kirralee ce," na ce, da kyar. "Jikar Merle. Ruwa kaɗan na zo roƙo."



Wani abu mai tsawo ya juya a ƙarƙashin gadar, katako suka yi kuka ɗaya bayan ɗaya har bakin gaɓa.

Sandar ta saki. Na faɗi zaune, kwalba cike a cinyata. Yadda na rufe ta, yadda na kai mota, kada ku tambaye ni. Takalmi ɗaya dai yana can.

Da sakamako ya fito, Mista Pengelly ya kira ni. Na shiga na riga na haƙura. Sai na ga haƙoransa, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce bai taɓa samun samfur mai tsabta daga madatsar nan kamar nawa ba, gurbina ya zauna daram.

"Yarinya, hannunki ya dace da wurin," ya ce. "Daga yau madatsar taki ce. Duk mako, ke kaɗai."

Na yi godiya. Oba-obar tana kan teburinsa a kashe, amma ta yi ƙara, a hankali ta kira sunana.