Tohon Tsamiya

Ana gab da magariba Tasalla take zuba ruwan wanke-wanke a gindin zogale, sai tsakuwa ta faɗo cikin bokitinta. Ta ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga, ganyen mangwaro ko motsi ba ya yi. Ta yi bismillah ta ci gaba da aikinta, don gajiya ba ta bar mata ƙarfin jin tsoro ba.

Tun da 'yan bindiga suka hana zuwa gonar nesa, wannan ɗan fili na bayan ɗaki shi ke riƙe da gidan. Da hannunta ta haɗa shi. Zogale da gwanda a sama, rama da kuɓewa a ƙarƙashinsu, kabewa kuma ta yi yaɗo ta rufe ƙasa, rana ba ta samun shanye danshi. Ganyen da ya zuba ba ta share shi, nan yake ruɓewa da kashin awaki. Har tsuntsayen da aka daina gani a garinsu Runka sun dawo.

Jifa bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja, sai duwatsu. Daga baya aka fara jin kamar nishin tsoho a cikin ganye. Sannan 'yarta Sumayya ta je tsinko rama, ta dawo idanu a kafe. Ta daina cin abinci, ta daina amsa sunanta.

Muntaka, mijin Tasalla, ya ce duhuwar nan ce ta jawo musu, haka ma mutanen gari ke faɗa. Ya wasa gatari, ya ce gobe ko tsinke ba zai bari ba. Ta roƙe shi a kira Malam Tayyib na garin Babban Duhu tukuna. Ba ta tambaye shi me za su ci in an sare ba. Ya sani.

Malam ya iso bayan la'asar. Ya zauna kusa da yarinyar, ya yi ta karatu a hankali har inuwa ta cika tsakar gida. Sai bakin Sumayya ya buɗe da wata murya da ta girmi kowa a wurin.

"Ya isa, Malam. Ni ma a gajiye nake."

Malam ya tambayi aljanin me ya kawo shi gidan mutane. Ya ce tsamiya ce mazauninsa, a ƙaramar gonar Muntaka ta bakin gari. 'Yan gawayi suka sare ta, ya haƙura ya zauna a kututturen, don saiwar ba ta mutu ba. To duk shekara in ya yi toho, lokacin sharar gona Muntaka sai ya tara kara a kai ya cinna wuta, yadda ya ga ubansa na yi wa kututture. Bana shi aljanin ya kasa jurewa. Ya zaga garin kaf, inuwar itatuwan matar nan kaɗai ta rage.

Ya nemi a yanka masa baƙin bunsuru. Malam ya ce ba a yanka sai don Allah, ya sake ɗaukar karatu. Muryar ta ja dogon nishi.

"To, a bar tohon ya girma. In koma."

"Wannan ko ba don kai ba, alheri ne," in ji Malam.

Ya dubi Muntaka. Muntaka ya daɗe yana kallon gatarinsa, sannan ya ce ya ji, ya ɗauki alkawari.

Sumayya ta yi atishawa, jikinta ya saki. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa."

Tasalla ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar. Ta shiga duhuwar da bismillah, ta fara tsinko zogale.