Waken Da Ya Ƙi Dahuwa A Kan Dutse

Ka taɓa ganin ruwa yana tafasa, yana tsalle a tukunya, amma abinci ya ƙi dahuwa? Kada ka yi saurin cewa ba ya yiwuwa. Tsaya ka ji abin da ya sami wata yarinya 'yar aji shida.

Yarinyar nan ta iya girki. Tun tana shekara tara take taya mahaifiyarta. A makaranta har suna aka sa mata, wai Uwar Tukunya. Don haka da aka shirya tafiyar hawan dutse ta kwana biyu, ita aka ba girki. Mutum goma sha biyu za ta ciyar: ɗalibai goma, da Malama, da wani dattijo mai nuna musu hanya.

Da safe, a gindin dutsen, dattijon ya zuba wake a wata roba mai murfi. Ya cika ta da ruwa, ya miƙa mata.

"'Yata, riƙe wannan. Kada ki zubar da ruwan sai mun isa."

"Baba, ai mu a gida ba ma jiƙa wake. Wankewa kawai muke yi, mu ɗora."

"Nan ba gida ba ne," ya ce. Ya ɗauki sandarsa ya yi gaba.

Ba ta tambayi dalili ba, ta sa robar a jakarta. Da suka ɗan taɓa tafiya, kafaɗarta ta fara ciwo. Sai ta tsaya a baya kamar mai ɗaure takalmi. Ta tsiyaye ruwan tas a bayan wani dutse. Jaka ta yi sauƙi, ta bi sahu tana murmushi.

Sai bayan azahar suka isa inda za su kwana. Wurin yana can sama sosai. Ba bishiya ko ɗaya, sai gajeriyar ciyawa da iska mai sanyi. Yara suka shiga kafa tanti.

Malama ta jera ƙananan gwangwanayen gas guda uku.

"Wannan na girkin yau ne. Wannan na shayin safe. Wannan na girkin gobe. Kun ga dai ba itace a nan."

Yarinyar ta kunna murhu, ta ɗora ruwa. Kafin ta gama yanka albasa, ruwa ya tafasa.

"Kun gani?" ta ce. "Yau da wuri za ku ci!"

Ta zuba wake. Wani yaro da ake kira Acici ya zo ya tsuguna da kwanonsa.

Aka jima, ta ɗebo ƙwaya ɗaya ta latsa. Kamar tsakuwa. Ta duba wuta, wuta na ci. Ta duba ruwa, ruwa na tafasa. To mene ne?

Ta rufe, ta ƙara jira. Ta sake latsawa. Yana nan yadda yake.

"Uwar Tukunya," in ji Acici, "hanjina fa ya fara kiran sunanki."

"Ka yi mini shiru, ina tunani!"

Yara suka kewaye ta. Kowa da abin da yake faɗi. Wata ta ce tsohon wake ne. Wani ya ce tukunyar ce ba ta da kyau. Wata ta ce a sa kanwa, aka duba jakunkuna, ba wanda ya zo da ita.

Acici ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. Ya dafe kumatu.

"Wallahi wannan waken ya fi ni taurin kai."

Yarinyar ta ƙara ruwa. Ta juya. Ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Kanta ya ɗaure gaba ɗaya. Sau nawa ta dafa wake a gida? Me ta manta yau?

Sai wuta ta yi fur, ta mutu. Gas ɗin yau ya ƙare, wake bai dahu ba.

Dattijon ya zo ya leƙa tukunya. Ya latsa ƙwaya ɗaya, ya dubi yarinyar.

Idonta ya cika da hawaye.

"Baba, na zubar da ruwan tun a ƙasa. Nauyi ya yi mini. Malama, ki yi haƙuri. Amma ni har yanzu ban gane ba. Ai ruwan yana tafasa!"

Malama ta zauna kusa da ita.

"Yana tafasa, amma bai kai zafin na gida ba. A ƙasa, iska mai yawa ce a kanmu. Tana danne ruwa, sai ya yi zafi sosai kafin ya tafasa. A nan sama iskar ba ta da wannan nauyin. Ruwa yakan tafasa tun zafinsa bai kai can ba."

"Wato yaudarata yake yi?"

"Kada ki gwada da hannu, zai ƙona ki. Amma wake yakan daɗe a cikinsa. Shi ya sa Baba ya so ya jiƙu tun a hanya."

Dattijon ya yi gyaran murya. "Ni ban san lissafin iska ba. Na dai sha kwana da yunwa a nan, shi ya koya mini."

"To yanzu me za mu ci?" in ji Acici da 'yar ƙaramar murya.

Yarinyar ta share hawaye. Ta zuba wa waken ido.

"Malama, a gida in muna sauri, ƙanana muke yanka dankali. In muka farfasa waken fa?"

"Kin kawo shawara," in ji Malama. "Amma sai mun ƙona gas ɗin shayin safe. Kun yarda?"

Kowa ya ɗaga hannu. Acici ya ɗaga biyu.

Suka wanke wani dutse mai santsi. Suka riƙa ɗibar wake a kwano suna dakawa, kowa ya yi nasa ya ba na kusa. Aka mayar a wuta, aka rufe da kyau. Wannan karon ba wanda ya taɓa murfi. Kafin rana ta faɗi, wake ya yi laushi. Ta zuba mai da albasa da gishiri. Suka ci da burodi, har da suɗe kwano.

Ba ta jira an gaya mata ba. Ta zuba waken gobe a roba, ta cika da ruwa.

Da safe ba shayi. Ruwan sanyi kowa ya sha, haƙora na karo. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri.

"Na yafe," in ji Acici, "in za ki ba ni ƙanzo."

Suka hau har ƙololuwa suka dawo. Ranar, wake ya dahu da gwangwani ɗaya. Dattijon ya kai loma, ya gyaɗa kai.

"Yanzu kin zama Uwar Tukunya ta gida da ta dutse."

Darasin a fili yake. Abin da ka iya a gida ba lallai ya yi maka aiki a ko'ina ba. In babba ya ba ka umarnin da ba ka gane ba, kada ka yar da shi a ɓoye. Tambayi dalili, matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ga aikinka. Roƙi Mama wake cikin hannu biyu. Jiƙa rabi tun safe, ka bar rabi a bushe. Da yamma ku dafa su tare da ita a tukwane biyu, ka riƙe agogo. Gobe ka gaya wa 'yan ajinku wanne ya riga dahuwa.