Notin da Ban Ɗaure Ba

"Baba, kai ne ka canja masa tayar nan, ko ba kai ba ne?"

Da wannan 'yata Rauda ta tare ni a tsakar gida, ko takalmi ban cire ba.

Na ce, "Mamana, ko sannu da zuwa babu?"

"Sannu da zuwa. Kai ne?"

Sunana Talle, mahauci ne ni a Parakou, shekarata arba'in da tara. Bara waccan na lura cewa a unguwarmu ta Banikanni moto, wato babur, ya kusa fin mutane yawa, sai zuciyata ta raya mini cewa wanda ke feɗe bijimin sa cikin rabin awa ba zai kasa cire wa ƙarfe roba ba. Na sayi famfo da ƙarafan zare taya, na kafa benci a ƙofar gida. Safe nama, yamma taya.

Matata Ummuhani ta ce in bari. "Malam, naman da ka yanka a karkace a miya yake ƙarewa. Wannan fa mutum ne zai hau."

Na ce mata ba ta san harkar ƙarfe ba. Ashe mu biyu ne.

Abdulrashid, wanda zai auri Rauda, malamin Islamiyya ne a Djougou. Saura sati uku biki ya kawo mahaifiyarsa, Hajiya Safiyatu, a bayan motonsa don su tsara hidima da Ummuhani. Na ga tayarsa ta baya ta suɗe sumul. Na ce ya kawo in sa masa sabuwa. Ya ce a'a Baba, na ce wallahi sai na sa. So nake yaron ya san gidan da zai shiga akwai gwani.

Na sa taya, na mayar da ita mazauninta, na murza babban notin da hannu kafin in ɗaure shi da sifana. Sai aka kira la'asar. Na dawo daga masallaci na tarar baƙi sun fito, ga sallama, ga addu'a, ga maƙwabta sun taru suna kallon surukina. Sifana na nan kwance a kan benci. Na ɗaga musu hannu har suka sha kwana.

Kafin su kai Bétérou tayar ta goce, sarƙa ta zame, suka zube a kan kwalta. Shi ya ƙuje, Hajiya kuwa cinyarta ta karye gida biyu.

Kwana tara ke nan. Na yi jaje ta waya sau uku da murya mai ban tausayi, ban ambaci noti ba.

"Ni ne, Mamana," na ce da Rauda a ƙarshe.

Rauda ta danna wayarta, muryar Abdulrashid ta fito daga saƙon da ya aiko mata: "Raudata, sanyin idona, ki daina kuka. Na ce musu ni na canja da kaina. Kada ki faɗa wa kowa... Inna za ta huce."

"Ba ta huce ba, Baba! Tun ranar ba ta yi masa magana ba. In ya shiga ɗakin sai ta juya fuska bango."

Na ce, "Kai, yaron nan akwai tarbiyya..."

Kallon da ta yi mini ya sa na haɗiye sauran.

"In na yi magana, na tona asirin ubana. In na yi shiru, wanda nake so yana kwana da fushin uwarsa a kan abin da bai yi ba. Wanne zan ɗauka, Baba? Kai ka zaɓa mini!"

"In suka ji gaskiya, suna iya fasa auren."

"Na sani..." Ta share hawaye da bakin hijabinta. "Na fi kowa sani."

Zan so in ce a take na miƙe. Kwana biyu na ƙara ina neman wata dabara tsakanin tsoka da ƙashi, ban samu ba. Ran na uku muka shiga taksin Djougou mu uku, ni da Ummuhani da Rauda, da sunan dubiya. Duk mai facin da muka wuce a hanya sai in ga kamar ya gane ni.

Mun sami Hajiya kwance a katifa, ƙafarta cikin farin filasta tun daga ƙugu. Ta rame. Abdulrashid na rakuɓe a bakin ƙofa kamar baƙo.

Bayan gaisuwa na cire hula, abin da ban taɓa yi a gaban mace ba.

"Hajiya, ba ɗanki ne ya canja tayar nan ba. Ni ne. Lokacin kuna ciki da Ummuhani. Na tafi salla na manta ban ɗaure noti ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ga ɗanta, karo na farko cikin kwana goma sha biyu.

"Abdul, gaskiya ne?"

Ni a lissafina nan za a yi kuka, a rungumi juna, a zage ni kaɗan, mu koma gida. Ban san yaron yana ɗauke da nasa kayan ba.

Ya durƙusa. "Gaskiya ne, Inna. Amma... na gani."

"Ka ga me?"

"Da zan hau na ga notin bai zauna ba. Ga Baba a tsaye, ga mutanen unguwa. Ta yaya zan ɗauki sifana a gabansa in gyara aikinsa? Na ce in mun fita gari sai in tsaya wurin mai faci. Sai hadari ya taso, na ce bari mu yi sauri, zai kai mu..."

Hajiya ta rufe ido.

"Ka gani," ta ce a hankali. "Ka ji kunyar surukinka, ni kuma ka ɗora ni a kai."

Na zo gyara na ƙara ɓatawa. Da alama wannan ce sana'ata ta gaskiya.

Sai Rauda ta rarrafa har gefen katifar, ta kama hannun Hajiya.

"Inna, saboda ni ya ji kunyar. In babu ni, Baba mai faci ne kawai a wurinsa, da ya yi magana. In kin ce a fasa, wallahi na haƙura... ba zan ce uffan ba. Amma ki yafe masa, Inna. Ni zan iya rasa shi, shi ba zai iya rasa ki ba!"

"Rauda!" in ji Abdulrashid.

Ba ta waiwaye shi ba.

Hajiya ta buɗe ido. "Ke kika taso tsohon nan daga Parakou?"

Rauda ta sunkuyar da kai.

"Na lura. Ba shi da fuskar mai zuwa da kansa." Ta ja numfashi. "Ban ce a fasa ba, ban kuma ce a ɗaura ba. Ranar da na taka da ƙafata na shiga gidanku, ranar za a ɗaura. In ban taka ba, kowa ya yi haƙuri."

Wata bakwai muka yi muna jira. Rauda ta ninke kayan bikinta ta sa a ƙasan akwati. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kullum sai ta kawo mini abinci ta ce, "Baba, ga shi." Da ta zage ni da na fi samun barci.

Wata Asabar da hantsi taksi ta tsaya a ƙofar gidana. Uwar ango ba ta saba zuwa gidan amarya ranar ɗaurin aure ba, amma wa zai faɗa wa Hajiya haka? Ta fito da sanda. Ƙafar ta warke, sai dai ta fi 'yar'uwarta gajarta, kuma likita ya ce haka za ta zauna.

Na yi sauri na miƙa mata hannu.

"Talle, matsa. Ka taimaka ya isa."

Na matsa. Ta ratsa zaure, ta ratsa tsakar gida tana haki, Abdulrashid na binta a baya bai isa ya taɓa ta ba. Rauda ta fito da gudu daga ɗaki, ta faɗa jikinta tana kuka.

"Ya isa, 'yata, kada ki kayar da ni," in ji Hajiya. Ta waiwayo ta dube ni. "A kira liman."

Aka ɗaura bayan azahar. Mutane na ta kama hannuna suna yi mini barka, ina amsawa da fara'a yadda ya kamata uban amarya ya yi. Daga cikin gida kuwa, ta ƙarƙashin guɗar mata, ina jin sandar Hajiya a kan siminti, ƙwas... ƙwas... ƙwas.