Da Hannu Ake Ɗaure Filta

Wulan ta fara ganin hannun Gilang kafin fuskarsa. Tana kwance ƙarƙashin ƙaramar bas ɗinsa a garejin mahaifinta da ke garin Cirebon, tana fama da filtar mai da ta ƙi motsi, sai ga hannu ya miƙo mata shayi mai ƙanƙara. Ta fito tana tambaya wane mugu ne ya ɗaure filtar nan da sifana. Ya sosa ƙeya, ya ce shi ne.

"Faɗa kuka yi da ita, Mas?" ta tambaye shi, da lafazin da ake kiran yaya namiji a can.

Maimakon ya ji haushi, sai ya tsuguna yana jero tambayoyi. Me ya sa take shafa wa robar sabuwar filta mai? Me take lalube da yatsa a bakin injin? Ta ce tsohuwar roba kan maƙale a wurin, in aka ɗora sabuwa a kanta mai zai tsiyaye a hanya, injin ya ƙone. Tambayoyin nan suka shiga ranta, don ta gaji da mazan da ke koya mata aikin da ta fi su iyawa.

Daga nan Gilang ya riƙa zuwa juyen mai tun man bai yi baƙi ba. Wata yamma saƙonsa ya shigo: "Ƙanwata mai baƙin hannu, yau na wuce da fasinja tasha biyu ina murmushi. Laifinki ne."

Ta amsa: "Ka kula da hanya, Sarkin Matsewa. Da ranka nake son ka."

Da maganar aure ta taso, Pak Darmo, mahaifinta, ya ce atafau. Ya ga filtar da aka ciro da ƙyar, kuma a ganinsa mai matse ƙarfe haka zai matse mace. Shi wani Hendra mai shagon taya yake so ta aura. Wulan ta kwana uku shinkafa ba ta wuce mata. Da tsohon ya ga tana ramewa, sai ya ce Gilang ya zo da bas ɗinsa ya sa mata filta a gabansa. In mai ya ɗiga, magana ta mutu.

Ranar, tsohon ya cire tsohuwar filtar da kansa, ya bar robarta manne da gangan. Wulan ta gani, amma ba halin magana.

Gilang ya shafa wa sabuwar roba mai, ya ɗaga filtar zai ɗaura, sai ya dakata. Ya zura yatsa ya laluba, ya zaro tsohuwar robar. Ya murza filtar da hannu har ta zauna, ya ɗan ƙara, ya bari. Aka tada injin, ƙasa ta zauna a bushe.

"Wa ya koya maka?" in ji tsohon.

"Tambaya na yi, Baba."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Gilang na sa mata zobe, sai Pak Darmo ya matso da jajayen idanu.

"A hankali, ɗana. Kada ka matse min ita. Allah Ya yi muku albarka."