Matajin Ofelia

Ranar da malamin tsirrai ya kwaso ɗalibansa zuwa kwarin Zapotitlán, gargaɗi ɗaya ya yi musu: a kalli kaktus, tsiron nan mai ƙaya, kada a taɓa. Shi kuwa Heriberto, ɗaya daga cikinsu, idonsa na kan yarinyar da ke yi musu jagora, har ya yi tuntuɓe ya afka wa wani kaktus. Dunƙulen ƙaya ya maƙale masa a ƙauri.

"Kar ka sa hannu, ɗan birni!" in ji ta. Ta zare mataji daga gashinta, ta zura ƙarƙashin ƙayar, ta fincike. "Ni ce Ofelia. Kai kuma daga yau sunanka Ɗan Ƙaya."

Ya koma Puebla da matajin a aljihu, bai san ko kyauta ce ko mantuwa ba.

Da shekara ta zagayo, ya zo neman aure da kawunsa, da kwandon burodi da cakulan da kyandir. Don Cirilo, mahaifinta, ko kallon kwandon bai yi ba.

"'Yata? Ko wake ba ta iya dafawa ba. Ku ɗauki kayanku."

Abin da ya ɗaure wa Heriberto kai, ya hango Ofelia a bayan ƙofa tana ƙunshe dariya. Ya tafi zuciya a dagule, ya ɗauke ƙafa. Sai ga saƙonta:

"Ɗan Ƙayana, lafiya? Baba kullum sai ya yi aski yana jiranku."

"Jira kuma, Furena? Korarmu ya yi, kina dariya."

"Wayyo ni! A garinmu uban da ya amsa tun zuwan farko ai neman kai yake da 'yarsa. Sai an zo sau uku. Fermín mai gishiri ma yana nemana, ya zo sau biyu, jibi zai cike."

Washegari da hantsi suka iso, aka kore su. Suka zagaya bayan gida, suka zauna a siririyar inuwar wani dogon kaktus, kawu na tsaki. Can suka sake ƙwanƙwasa ƙofa.

Don Cirilo ya dube su, ya dubi rana, ya tuntsire da dariya. "Ko burodin bai huce ba! Shigo, ɗana."

Ranar ɗaurin aure, tsohon ya dafa kawunansu ya ce Allah ya zaunar da su lafiya. Heriberto ya mayar mata da matajin cikin gashinta.

"Mantawa kika yi?" ya tambaye ta.

"Haba, Ɗan Ƙaya. Da me za ka dawo?"