Rijiyar Kawu Tanimu

Ku matso kusa. Ladidi, saki zanen Hanne, ba abin da zai kama ki a nan.

Kawu Tanimu masunci ne tun Tafkin Chadi yana cike. Ruwa ya riƙa ja da baya, har wurin da yake jefa taru ya zama gonarsa ta wake. Ya sayar da jirgi, ya sayi amalanke da sa. A gida ya haƙa rijiya. Ita kaɗai ce mai ruwan daɗi a zangonsu, da ita iyalinsa ke rayuwa.

Masunta ba sa wuce mutum a gaɓa ba su ɗauke shi ba. Kawu bai daina wannan ba, ko da ya koma tudu.

Wata rana da rana tsaka yana dawowa daga gona a amalanke. Fili fetal, sai ɓawon katantanwa yana farfashewa a ƙarƙashin taya. Ya hango wani dattijo tsaye da filafili a kafaɗa. Filafilin tuƙa jirgi, a inda ko tsuntsu ba ya samun abin sha.

Kawu ya tsaya, ya ce ya hau.

Da dattijon ya hau, san ya ƙi tafiya sai da ya sha bulala.

Dattijon ya tambaya ina ruwa ya koma. Muryarsa kamar daga cikin tulu. Ya ce ya ɗan kwanta ne, da ya farka ya tarar kowa ya tashi. Kawu ya ce ai ruwa ya yi nisa, Baba, ko a mota sai an wahala.

 Can dattijon ya ce, “To ku me kuke sha?”

Da manomin gado ne, da ya kama bakinsa. Amma masunci ba ya ɓoye wa baƙo ruwa. Kawu ya ce yana da rijiya, har ya yabe ta.

Sai ya ji sanyi a ƙafarsa. Ya duba. Katakon amalanken ya jiƙe. Ya waiwaya hanya. Duk sawun da dattijon ya bari a baya ya cika da ruwa, yana ƙyalli.

Kawu ya fara addu'a a zuci. Bai ƙara juyawa ba har ƙofar gida. A nan ya ji an ce a bayan kunnensa, “Na gode da masauki.”

Ba kowa a amalanken.

Washegari rijiya ta cika har baki. Maƙwabta suka zo taya murna. Matar Kawu, Inna Gambo, ita ce ta ce ruwan yana ƙarnin kifi. Ta zura guga, ta ji an riƙe igiyar daga ƙasa. Ba da ƙarfi ba. Kamar mai gaisuwa.

Tsakar gida ta fara danshi. Gindin katanga ya yi laushi. Da safe suka tarar da san a kwance a turkensa, a busasshiyar ƙasa, ruwa na fita ta hancinsa. Nutsewa ya yi.

Inna Gambo ta ce ta ga sawu jiƙaƙƙe a ƙofar ɗakin yara.

A ranar Kawu ya cike rijiyarsa da yashi, da hannunsa, bai bari kowa ya taya shi ba. Ba ruwa, ba zama. Shi ya sa kuka gan su sun dawo nan gidan.

Dattijon kuwa, makiyaya suna ganinsa har yanzu.

Kada ɗayanku ya ratsa tsohon tafkin shi kaɗai. In kuma wani ya tambaye ku me kuke sha, ku ce ku ma ƙishirwa kuke ji.