Butar Gwaggo a Bakin Rami

Ƙarƙashin kowane gida a Unguwar Hange akwai ƙafafun ƙarfe da ake kira tokare. Duk sa'ad da ƙasa ta nutse ta gefen Rami, sai kwamfuta ta ƙara wa ƙafafun wannan gefe tsawo, daɓen gida ya zauna daram, ko shayin da ke cikin kofi ba ya girgiza. Injiniya Haladu ne ya ƙera su tun yana da baƙin gashi. Yanzu furfura ta cika masa kai, amma akwai magana ɗaya da bai taɓa faɗa wa mai saye ba: tokare daɓe kawai yake daidaitawa, ba ya riƙe ƙasa.

Ramin ya samo asali ne daga tsofaffin hanyoyin haƙar ma'adinai da ke ƙarƙashin birnin Tsaunin Kuza. Ya haɗiye kasuwa, ya haɗiye tashar jirgin ƙasa, har yau kuma bai ƙoshi ba. Talakawa suka kwashe tabarminsu suka gudu. Masu hali kuwa suka riƙa zuwa kallo cikin motoci masu shawagi, suna cin gasasshen nama, suna ɗaukar hoton inda gidajen wasu suka rufta. Da kamfanin Hange ya ga haka, sai ya gina gidaje masu bangon gilashi a gaɓar. Wanda ya fi kusa da halaka shi ya fi tsada.

Ranar nan mai sayen da aka haɗa Haladu da shi taubashinsa ne, Alhaji Barau. Ya zo da mahaifiyarsa, Gwaggo Ladiyo, ƙanwar mahaifin Haladu, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsa.

"Bawana," in ji Barau, yana dukan daɓe da sandarsa, "ashe ka iya wani abu ban da cin tuwon gidanmu."

"Kai za ka zauna a nan?" Haladu ya tambaya.

"Ni? Ina da aiki a birni. Inna ce za ta zauna. Gidan da ake ganin tsohuwa a cikinsa ya fi shiga ran masu saye. Kowa zai ce ai ba wanda zai ajiye uwarsa inda akwai haɗari. Baɗi sai in sayar."

Haladu ya dubi Gwaggo. Tana zaune a gefen kujera, ta juya wa gilashin baya, tana riƙe da tsohuwar butarta wadda ba ta zuwa ko'ina ba tare da ita ba.

"Azahar ta yi," in ji ta. "Haladu, ina tsakar gida?"

"Inna, ga famfo nan a banɗaki, da kansa yake zubo ruwa," in ji Barau.

"Ban taɓa alwala a inda ake bahaya ba, ba kuma yau zan fara ba. Ƙasa nake so."

Kowane gida a unguwar yana da ƙofar baya ta masu gyaran tokare. Kamfanin ya hana a buɗe ta a gaban baƙi, Haladu ne kuma ya tsara makullin, wanda tafin hannunsa kaɗai yake ganewa. Haladu ya matsa kusa da Gwaggo. Sa'an nan ya karɓi butar, ya cika ta da ruwa, ya ɗora hannunsa a kan makullin.

Ƙofar ta buɗe a kan matakala. Ya riƙe Gwaggo suka sauka, Barau na biye yana mita. Daga ƙasa ana ganin gidan kamar raƙumi mai shirin durƙusawa: ƙafafun gefen tudu gajeru, na gefen Rami sun miƙe har iyakarsu, suna fitar da ƙara a hankali.

Gwaggo ta tsuguna, ta ajiye butar. Butar ta ƙi zama. Ta kife, ta gangara, tana zubar da ruwa, ta wuce ƙarƙashin gidan, ta faɗa Ramin. Suka kasa kunne. Ba su ji ƙarar saukarta ba.

Barau ya yi gyaran murya. "Wannan ƙofar," in ji shi, "a toshe ta da bulo kafin Inna ta tare."

Gwaggo ba ta dubi ɗanta ba. Ta ɗago hannu ɗaya sama, kamar yadda Haladu yake ɗago mata nasa sa'ad da yake rarrafe.

"Gidanka akwai tsakar gida?" ta tambayi Haladu.

"Akwai, Gwaggo. Ƙarama ce."

"Buta tana zama a cikinta?"

Haladu ya sunkuya ya ɗauki takalmanta, ya kama hannun, suka fara hawa tudu. Ƙofar ya bar ta a buɗe, ga kuma wata motar masu kallo tana sauka.